Ƙararrawar da Aka Rataya Ba a Kunna Ba

A gabashin Jihar Sakkwato, daga Rabah zuwa Wurno, daga Goronyo zuwa Shinaka, lissafin da a da ake yi da biro a babban littafi yana ta komawa cikin waya da kwamfuta. Mai POS a bakin kasuwa, ma'aikacin lafiya mai ɗaukar bayanan riga-kafi, sakataren ƙungiyar manoman rani mai rubuta sunayen waɗanda za su karɓi taki, dukkansu sun jingina aikinsu da wata manhaja da wani ya zauna ya rubuta. Wannan wanin kuwa ba lallai ne ya kasance a Legas ko Indiya ba. Yana iya zama matashin da ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko wanda ya samu horo a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023.

Akwai wani ƙaramin abu a sana'ar wannan matashi da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ƙanƙantarsa ce ke sa a raina shi. Harafi biyu ne da ɗan jan layi: -ea. Wanda ke rubuta manhaja da harshen Java, in bai sa su a inda ya dace ba, to duk binciken da ya dasa a cikin aikinsa don ya kama kurakuransa barci yake yi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa kunna wannan bincike wajibi ne tun ranar farko, kuma barinsa a kashe ya fi rashin rubuta shi muni, saboda yana ba mai aiki natsuwar da ba ta da tushe.

Mene ne jumlar tabbaci

Duk mai rubuta manhaja yana aiki ne da zato iri-iri. Yana zaton adadin buhunan da ke cikin sito ba zai taɓa yin ƙasa da sifili ba. Yana zaton kuɗin da ya fita daga wannan asusu daidai yake da wanda ya shiga wancan. Yana zaton ranar girbi ba za ta riga ranar shuka ba. Mafi yawan waɗannan zace-zace a kansa suke zaune, ba ya rubuta su. Idan wata rana ɗaya daga cikinsu ya karye, kwamfuta ba za ta ce uffan ba, za ta ci gaba da lissafi a kan ɓata.

Jumlar tabbaci hanya ce ta fitar da zato daga kai a rubuta shi a fili. A Java da Python da C, kalmar da ake amfani da ita ita ce assert. Mai aiki zai rubuta, alal misali:

assert ragowarBuhuna >= 0;

Ma'anarsa ita ce: a daidai wannan gaɓa, ragowar buhuna ba za ta kasa sifili ba, in ta kasa, a tsayar da komai a faɗi layin da abin ya faru. Amfaninta yana cikin wurin da take tsayawa. Kuskure a manhaja kamar ɓaraka ce a jikin magudanar ruwan rani: a nan take tsagewa, amma sai can ƙarshen fadama ake ganin gonar da ta bushe. Jumlar tabbaci tana nuna bakin ɓarakar ne, ba busasshiyar gonar ba.

Tunanin ya girmi kwamfutar tebur. A 1949, a wani taro a Kambirij ta Ingila, Alan Turing ya ba da shawarar cewa mai tsara lissafi ya riƙa bayyana abin da ya tabbata gaskiya ne a kowace gaɓa, yadda wani zai iya bincika su ɗaya bayan ɗaya. Robert Floyd a 1967 da Tony Hoare a 1969 suka ɗora wa tunanin harsashin lissafi. A shekarun 1980 Bertrand Meyer ya gina harshen Eiffel a kan cewa kowane sashe na manhaja yana da yarjejeniya da sauran sassa: ga abin da yake buƙata, ga abin da ya yi alkawarin bayarwa.

Inda tarkon yake

Java ta samu kalmar assert ne a 2002, cikin siga ta 1.4. Waɗanda suka tsara ta sun yanke shawarar cewa za ta zo a kashe, sai wanda yake so ya kunna ta lokacin tayar da manhaja. Suna da hujjarsu: ba sa so binciken ya rage wa manhajar da ke hannun jama'a sauri. Amma sakamakon shi ne, ɗalibi zai rubuta jumlolin tabbaci hamsin, ya danna koren maɓallin nan na tayar da aiki a cikin Eclipse ko NetBeans ko IntelliJ, komai ya tafi lami lafiya, ya ɗauka aikinsa ya tsallake bincike. Alhali kuwa ko ɗaya daga cikin hamsin ɗin ba a duba ba. Injin Java tsallake su ya yi kamar babu su.

Waɗannan manhajoji uku su ne maƙerar mai rubuta manhaja: a ciki yake rubutu, a ciki yake gwaji, a ciki yake gyara. Kowace tana da gurbin da ake rubuta umarnin da za a miƙa wa injin Java. A Eclipse, ana shiga Run Configurations, a buɗe shafin Arguments, a rubuta -ea a akwatin VM arguments. A IntelliJ, ana shiga Edit Configurations a ƙara shi a VM options. A NetBeans, yana cikin Properties na aikin, ƙarƙashin Run. Bai kai minti ɗaya ba. Sai dai a Eclipse akwatuna biyu ne a shafi ɗaya, na sama na umarnin da za a ba manhajar kanta, na ƙasa na injin. Wanda ya sa -ea a na sama bai kunna komai ba, kuma babu saƙon da zai gargaɗe shi.

Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne kayan aiki ba su yi ittifaƙi ba. Maven da Gradle, waɗanda ake amfani da su wajen harhaɗa manyan ayyukan Java, suna kunna jumlolin tabbaci da kansu idan ana gudanar da gwaje-gwaje. Saboda haka manhaja ɗaya, a kwamfuta ɗaya, tana iya zama da ƙararrawa a kunne lokacin gwaji, a kashe lokacin da aka tayar da ita kai tsaye. A Python abin juye yake: a kunne suke zuwa, sai an sa -O suke mutuwa. A harshen C, alamar NDEBUG ce ke share su tun lokacin harhaɗawa. Masu rubuta manhajar wayar Android kuwa sun daɗe ba su da tabbas a kan assert, sai a 2020 da siga ta 4.1 ta Android Studio ta zo da kunna su a sigar gwaji. Wanda ya koyi sana'a da harshe ɗaya ya koma wani yana ɗauke da tsohon zatonsa, to zai yi tuntuɓe ba tare da ya ji ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A rubuta assert false; a farkon manhaja, a tayar da ita. In ta tsaya da kuka, ƙararrawa tana aiki. In ta wuce shiru, a kashe take.

Misali daga fadamar Shinaka

Don a ga abin da ke cikin wannan shiru, sai a ƙaddara wani misali. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, tana ɗaukar ruwa sama da mita kubik miliyan 900, kuma da ita ake noman rani na shinkafa da albasa da sauran kayan lambu a wannan yanki, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A ɗauka wata ƙungiyar manoma a Shinaka tana da fili hekta 150, ta samu taki buhu 600, za ta raba wa mambobinta gwargwadon girman gonar kowa. Lissafin a bayyane yake: buhu 4 ga kowace hekta.

Amma a bakin mutane, kalmar kadada tana ɗaukar ma'ana biyu. Wani eka yake nufi, wani hekta. Hekta ɗaya kuwa ta kai eka 2.47. Matashin da ya rubuta wa ƙungiyar manhaja ya san da haka, ya kuma tanadi sashen da ke mayar da eka zuwa hekta. Sai dai a hanyar da ake shigo da tsofaffin bayanai daga jadawalin Excel, ya manta bai kira wannan sashe ba. Gonakin da jimillarsu hekta 40 ce suka shigo a matsayin 99. Yanzu manhaja tana ganin fili 209 maimakon 150.

Me zai biyo baya? Za ta raba 600 gida 209, kowace kadada ta samu abin da bai kai buhu 3 ba. Manomin da gonarsa hekta 2 ce, aka rubuta ta daidai, zai karɓi ƙasa da buhu 6 maimakon 8. Maƙwabcinsa mai gona daidai da tasa, wanda aka rubuta da eka, zai kwashi wajen 14. Idan aka haɗa rabon kowa da kowa, 600 cif zai bayar. Sito ya tashi babu saura, takarda ta yi kyau, babu abin da zai ja hankalin mai duba lissafi.

Amma manoma suna da ido. Wanda aka tauye zai ga amalanken maƙwabcinsa, kuma ba zai ce kwamfuta ta yi kuskure ba. Cewa zai yi sakatare ya yi son kai, ko shugaba ya fifita danginsa. Maganar za ta je gaban mai unguwa, wataƙila har gaban hakimi, mutuncin da aka shekara ashirin ana ginawa ya zube saboda layi ɗaya da aka manta. Damina ba ta jira, rani ma haka. Kafin a gano gaskiya lokacin sa taki ya wuce.

Abin takaicin shi ne, a cikin wannan misali matashin yana iya kasancewa ya rubuta abin da zai cece shi:

assert jimillarGonaki <= filinKungiya;

Da ƙararrawar a kunne take, da ranar farko da ya gwada shigo da tsofaffin bayanai manhajar ta tsaya a gabansa, a ɗakinsa, ta nuna masa layin. Gyaran minti biyar ne. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Manya ma sun faɗa

Kada a ɗauka irin wannan ɓata ta masu koyo ce kawai. A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Bincike ya nuna cewa wata manhaja tana fitar da ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, wata kuma tana karɓa a kan cewa ma'aunin niyuton ne, alhali tsakaninsu akwai ninki kusan 4.45. Rikicin eka da hekta ne, sai dai a sararin samaniya.

Kafin nan, a ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta na farko daga Kourou. An ɗauko wani sashe na manhajar Ariane 4 an dasa mata. A tsohuwar roka, wata lamba ba ta taɓa girman da zai wuce gurbin da aka tanadar mata ba, don haka aka bar ta babu kariya. Sabuwar roka ta fi gudu, lambar ta cika gurbin ta tumbatsa, kwamfutocin da ke lura da alƙibla su biyu suka kashe kansu. Kwamitin bincike ya gano cewa ba a gwada wannan sashe da bayanan hanyar da Ariane 5 za ta bi ba. Zato ne da yake gaskiya jiya, ya zama ƙarya yau, kuma ba a ba shi damar bayyana a ƙasa ba.

Shi ya sa waɗanda aikinsu ba ya ɗaukar kuskure suke ɗaukar lamarin da zafi. A 2006, Gerard Holzmann na cibiyar JPL ta NASA ya fitar da ƙa'idoji goma na rubuta manhajar da rayuka ko dukiya mai yawa suka rataya a kanta. Ɗaya daga ciki ta buƙaci a samu aƙalla jumlolin tabbaci biyu a kowane sashe, in an yi matsakaicin lissafi. A shekarar dai, masu bincike a kamfanin Microsoft suka duba wasu manyan manhajojinsu suka ga sassan da suka fi yawan jumlolin tabbaci sun fi ƙarancin kurakurai.

Hujjojin masu ja

Akwai masu ganin an cika zuzuta abin, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Hujja ta farko ita ce sauri. SQLite, ƙaramar ma'ajiyar bayanai da ke cikin kowace wayar Android da iPhone, tana ɗauke da dubban jumlolin tabbaci, kuma masu ita sun bayyana cewa in an kunna su tana yin nauyi kusan ninki uku. A kan waya mai araha, a ƙauyen da caji ke da tsada, wannan ba wasa ba ne. To amma a lura da abin da masu SQLite suke yi: suna kashe su a sigar da ke zuwa hannun jama'a, suna kunna su a duk lokacin gwaji. Hujjar sauri tana magana ne a kan wayar manomi. Ba ta da abin cewa a kan kwamfutar mai rubutu, inda jinkirin daƙiƙa biyu ba ya cutar da kowa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: manhajar da ta tsaya cak a tsakiyar aiki ita ma ɓarna ce. Sakataren da ke gaban layin manoma ɗari biyu a rana tsaka ba ya buƙatar allon da ya cika da saƙon Turanci. Labarin Ariane 5 kansa shaida ne cewa tsayawa a wurin da bai dace ba halaka ce. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ya kamata tsayawar ta faru tun a maƙera. Duk kuskuren da ya yi kuka a gaban mai rubutu, ba zai yi a gaban sakatare ba.

A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa ko a hannun jama'a bai kamata a kashe ba. Tony Hoare ya taɓa kwatanta mai bincike lokacin gwaji ya daina lokacin aiki da matuƙin jirgin ruwan da ke sa rigar ceto yana tudu, ya tuɓe ta in ya shiga ruwa. Mutanen bakin Gulbin Rima ba sa buƙatar a fassara musu wannan. Maslaha a nan ita ce a tambayi kowace manhaja: wanne ya fi muni, ta tsaya ko ta ci gaba a kan ɓata? Manhajar wasa ta ci gaba. Manhajar da ke rabon taki, ko lissafin bashi, ko awon magani, gara ta tsaya ta ce a kira wanda ya rubuta ta.

Abin da ba aikinta ba

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan kayan aiki, domin akwai masu ɗora masa kayan da ba nasa ba. Jumlar tabbaci ta kama kuskuren mai rubutu ce. Kuskuren mai amfani, kamar sakatare ya buga 500 a maimakon 5.00, ko ya bar gurbin suna babu komai, abu ne da dole zai faru kullum, kuma yana buƙatar bincike na dindindin wanda ba a iya kashewa, mai ba da saƙo cikin harshen da mutum zai gane. Takardun Java kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Wanda ya sa assert ta tsare ƙofar shiga asusu, ko ta hana a cire kuɗin da ya wuce ajiya, ya ɗauki mai gadin da kowa zai iya sallama da harafi ɗaya.

Haka nan ba a sa aiki na gaske a cikinta. In aka rubuta umarnin cire sunan manomi daga jerin masu jira a cikin jumlar tabbaci, to ranar da aka kashe ta cirewar ma ta tafi, mutum ɗaya ya karɓi rabo sau biyu. Aikinta kallo ne kawai. Ba ta taɓa komai.

Wa ke da alhaki

Nauyin farko yana kan malamai. Darasin da aka koyar da assert a cikinsa ba tare da an sa kowane ɗalibi ya kunna ta ya ga ta tsayar da manhajarsa da idonsa ba, rabin darasi ne. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗabi'ar da aka koya a aji ɗaya ita ke bin mutum har ofis.

Na biyu yana kan masu rubutun. Saitin da ke zaune a kwamfutar mutum ɗaya yana ɓacewa ranar da aka sauya kwamfuta ko aka ɗauki sabon ma'aikaci. Eclipse da IntelliJ duka suna ba da damar a adana saitin tayar da manhaja a matsayin fayil cikin aikin, ya bi shi duk inda ya je. A kuma yi gwaji da bayanai na gaske, irin waɗanda sakatare ya rubuta da hannunsa da duk gaurayen eka da hektarsu, domin ƙararrawar da ba a kawo mata ɓarawo ba ba a san ko tana kuka ba.

Na uku yana kan masu ba da aiki: shugaban ƙungiya, jami'in ƙaramar hukuma, manajan asibiti, mai kamfanin sarrafa shinkafa. Ba sai sun iya Java ba kafin su yi tambayoyi uku. Waɗanne abubuwa ne manhajar nan ta ɗauka ba za su taɓa faruwa ba? An rubuta su a cikinta? A nuna yadda take yi in aka karya ɗaya da gangan. Mai aikin da ya san sana'arsa zai ji daɗin tambayar, ya buɗe kwamfuta ya nuna. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba da amsa.

Yankin da ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan Rima ya shafe gonaki da ƙauyuka har ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san darajar gargaɗin da ya zo da wuri. Yanzu da rabon taki da bashi da ruwa ke shiga hannun manhaja, manomin Shinaka ba zai taɓa ganin akwatin da ake rubuta -ea ba, ba kuma zai san sunansa ba. Abin da zai gani shi ne ko buhunansa takwas sun cika.